Tarihin Karatun Kula da Harkokin Ɗalibai a Jami'o'in Amurka

A kowace jami'a akwai aiki iri biyu. Akwai aikin aji, watau koyarwa da bincike da jarrabawa, wanda kowa ya san na malamai ne. Akwai kuma aikin bayan aji, watau inda ɗalibi zai kwana, da abin da zai ci, da wanda zai kai wa kuka in guzurinsa ya ƙare ko hankalinsa ya tashi, da wanda zai yi masa shari'a in ya karya doka. A ƙasar Amurka wannan aiki na biyu ya zama sana'a mai zaman kanta, har mutum ya kan gama digirinsa na farko ya koma ya yi shekara biyu yana neman digiri na biyu a kanta, wani ma ya zarce har digirin dakta. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bi sawun wannan karatu tun daga tushensa, mu ga waɗanda suka kafa shi da abin da ya sa, mu kuma ga yadda darussansa suka riƙa sakewa duk sa'ad da matsayin ɗalibi ya sake a idon jama'a da idon shari'a.

Zamanin da malami ya ke uba

Kwalejojin farko na Amurka, irin su Harvard da aka kafa a 1636, na Ingila suka kwaikwaya. Ɗalibai kaɗan ne, samari ne masu ƙananan shekaru, suna kwana suna tashi wuri guda da malamansu. Malamin da ya koya wa yaro Latin da safe, shi ne zai tsawata masa da dare. Masana shari'a suna da wata magana ta Latin game da wannan hali, in loco parentis, ma'anarta a madadin mahaifi. Har a 1913 kotun jihar Kentucky ta tabbatar da ita, sa'ad da wani mai gidan abinci ya yi ƙarar Kwalejin Berea domin ta hana ɗalibanta cin abinci a wurinsa. Kotu ta ce kwaleji tana da ikon kafa wa ɗalibi duk dokar da uba zai iya kafa wa ɗansa.

Abubuwa uku ne suka raunana wannan tsari. Na farko, dokar 1862 wadda ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin noma da sana'a, sai ɗalibai suka yawaita. Na biyu, ra'ayin da malamai suka ɗauko daga Jamus cewa darajar malamin jami'a tana ga bincikensa, wanda a kansa aka kafa Jami'ar Johns Hopkins a 1876. Malamin da ya duƙufa ga bincike kuwa ba shi da sukunin zagaya ɗakunan kwana. Na uku, shigowar mata. Tun 1837 Kwalejin Oberlin ta karɓi mata su yi digiri tare da maza, kuma iyaye ba su yarda su saki 'ya'yansu mata ba sai sun san hannun da za su shiga.

To, da aikin ya fi ƙarfin shugaba, malamai kuma suka janye jiki, sai aka ƙago masa muƙami. Sunan da aka ba mai riƙe da shi shi ne din. Asalin kalmar daga Latin ne, dekanus, watau shugaban mutum goma; daga soja ta shiga gidajen ibada na Kirista, daga can ta iso jami'a. A 1891 Harvard ta naɗa LeBaron Briggs, malamin Ingilishi, ya zama din mai lura da halin ɗalibai. A 1892 sabuwar Jami'ar Shikago ta ɗauki Alice Freeman Palmer da Marion Talbot su kula da ɗalibai mata. A 1909 Jami'ar Illinois ta ba Thomas Arkle Clark sunan din na maza. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi wani karatu na musamman domin wannan aiki. Malamai ne aka ɗauko daga aji, suka koyi aikin a bakin aiki.

Yadda mata suka kafa karatun

Abin lura a nan shi ne, neman a mai da aikin ilmi daga wajen mata ya fito. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Namijin da aka naɗa din yana da girmansa tun da fari. Mace kuwa, kome ilminta, sai a ɗauke ta tamkar mai gadin ɗakin 'yan mata, mai ƙirga wadda ta dawo da wuri da wadda ta yi dare. Matan nan sun ga cewa ba abin da zai fid da su daga wannan reni sai takardar shaida, da ƙungiya, da littattafai. A 1903 Marion Talbot ta tara takwarorinta a Shikago suka yi taronsu na farko. A 1915 Lois Kimball Mathews, malamar tarihi a Jami'ar Wisconsin, ta wallafa littafin farko a kan aikin, inda ta nace lalle mai riƙe da shi ta zama masaniya, tana koyarwa a aji kamar sauran malamai. A 1916 aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa baki ɗaya.

Makarantar da ta buɗe musu ƙofa ita ce Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolambiya, a birnin Niyok. A 1914 ta ba da takardar shaida ta farko ta mai ba mata shawara, haɗe da digiri na biyu. Daga nan a ke ƙirga mafarin wannan karatu. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1929, Esther Lloyd-Jones ta sami digirin dakta na farko a fannin daga wannan jami'a, ta kuma zauna tana koyarwa a can har 1966. Ba a fara karɓar maza cikin karatun ba sai 1932.

Su kuwa takwarorinsu maza, ko da ya ke sun kafa tasu ƙungiya a Wisconsin a 1919, da yawa daga cikinsu sun daɗe suna gardama cewa aikin baiwa ce, da ita a ke haihuwar mutum, ba a koyonta a aji. A ganinsu abin da a ke bukata shi ne dattako, da sanin halin samari, da ƙofar ofis a buɗe. Wannan gardama ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, gama akwai abin da littafi ba ya koya wa mutum. Amma ta bar su ba su da abin da za su gadar wa na baya, sai labarin yadda wane ya yi da yadda wane ya ce.

Labarin Lucy Diggs Slowe ya isa misali na abin da matan su ke kokawa a kai. Baƙar fata ce, ta sami digiri na biyu a Kolambiya a 1915, aka naɗa ta din ta mata a Jami'ar Howard da ke Washinton a 1922. Hukumar jami'ar ta matsa mata ta bar gidanta ta tare kusa da ɗakunan 'yan mata, ita kuwa ta ƙi, domin a ganinta wannan zai mai da ita mai gadi, alhali aikinta shi ne shirya mata su iya riƙe kansu da shugabancin jama'a. Suna cikin wannan ja-in-ja ta rasu a 1937.

Zamanin awo da fayil

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko rundunar sojan Amurka ta yi amfani da masana halayyar ɗan Adam wajen auna sojoji, a sa kowa a aikin da ya dace da shi. Ɗaya daga cikin manyansu, Walter Dill Scott, ya zama shugaban Jami'ar Northwestern a 1920, ya taho da dabarar. Kowane ɗalibi sai a yi masa gwaji, a yi hira da shi, a buɗe masa fayil, a ba shi shawara kan karatu da sana'a. Har sunan aikin ya sake, aka ara masa kalmar da soja da masana'antu su ke kiran ma'aikatansu da ita. Mai nazarin harshe ba zai wuce wannan ba tare da ya tsaya ba, domin aron kalma ya kan taho da aron tunani: wanda dā a ke gani ɗa ne a gida, yanzu ya zama abin aunawa da rarrabawa. A kan wannan tsari na Northwestern ne Lloyd-Jones ta rubuta kundinta na dakta.

A 1937 Majalisar Ilmi ta Amurka ta kira taro a Washinton, aka fito da wata 'yar takarda wadda har yau a ke karanta wa sababbin ɗaliban fannin. Jigonta shi ne jami'a ta dubi ɗalibi dukansa, da hankalinsa da lafiyarsa da halinsa da aljihunsa, kada ta tsaya ga kwanyarsa kaɗai. Ta lissafa ayyuka 23 da suka wajaba a kan jami'a. Aka sake mata kwaskwarima a 1949. A wannan zamani darussan sun karkata ga gwaje-gwaje, da ƙididdiga, da dabarun ba da shawara.

Sai ga wani abin da ba a zata ba. Dokar 1944 ta ɗauki nauyin karatun 'yan mazan jiya, fiye da miliyan biyu suka shiga kwaleji, har a 1947 sun kai kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka. Jami'o'i suka ga ofis biyu, na maza da na mata, ɓarnar kuɗi ne, sai suka haɗe su ƙarƙashin din guda na ɗalibai duka. Kusan ko'ina namiji aka ɗora a kai, matan da suka fi su horo suka koma mataimaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙungiyar maza ta sake suna a 1951 ta rungumi sabon tsarin, ta bunƙasa. Ta mata kuwa ta yi ta sake suna har ta rufe a shekara ta 2000.

Ranar da uba ya sauka

A 1960 waɗansu ɗalibai baƙar fata na Kwalejin Jihar Alabama suka zauna a wani wurin cin abinci da aka keɓe wa farare a ginin kotun Montgomery, suka ƙi tashi. Aka kori tara daga kwaleji ba tare da an ji ta bakinsu ba. Shida suka kai ƙara, kuma a 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kwalejin gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma saurare shi. Wannan hukunci shi ne ya fara rushe ikon uban nan. A 1964 wata wasiƙa daga ofishin din, mai hana ɗalibai harkar siyasa a bakin ƙofar jami'a, ta ta da babbar tarzoma a Berkeley. A 1971 aka rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18. A 1972 doka ta hana bambanta mace da namiji a makarantun da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi. A 1974 wata doka ta ba ɗalibi ikon duba fayil ɗinsa, ta kuma ƙayyade wanda za a nuna wa.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Tun da ɗalibi ya zama baligi mai haƙƙi, da wane dalili ma'aikacin zai sa baki cikin rayuwarsa? Amsar da malaman fannin suka bayar ita ce ilmin bunƙasar ɗalibi. A 1969 Arthur Chickering ya zayyana hanyoyi bakwai da matashi ke bi ya san kansa. A 1970 William Perry ya nuna yadda tunanin ɗalibi ke tashi daga ganin kome fari ko baƙi zuwa iya auna hujjoji. Daga baya aka soki Perry da cewa yawancin waɗanda ya bincika samarin Harvard ne, sai aka ƙaro nazari a kan mata, da baƙar fata, da waɗanda su ne farkon shiga jami'a a gidansu. Darasin shari'a kuma ya samu gurbi na dindindin. A 1979 ƙungiyoyin sana'ar suka kafa majalisar tsara ma'auni, wadda ta fito da ƙa'idodinta a 1986.

Yadda karatun ya ke a yau ya fito ne daga waɗannan matakai. Galibi shekara biyu ne. Ɗalibi yana karanta tarihin jami'o'i, da bunƙasar ɗalibi, da shari'a, da kasafin kuɗi, da hanyoyin bincike, yana kuma aiki rabin yini a ɗakunan kwana ko ofishin shawara, a biya shi ɗan abin kashewa, sau da yawa a yafe masa kuɗin makaranta. Matsalar da ta dame su ita ce riƙe waɗanda aka horar, gama albashi kaɗan ne, kwana kuma cikin ɗalibai, a tashe ka tsakar dare, don haka da yawa su kan bar aikin tun da ƙuruciyarsu.

Abin da ya shafe mu

Jami'o'in Nijeriya sun gaji hanyoyi biyu. Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta bi tsarin Ingila na ɗakunan kwana ƙarƙashin malamai. Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ta ɗauko salon Amurka. Amma har yanzu abin da aka saba shi ne a ɗauko malami daga aji a naɗa shi shugaban harkokin ɗalibai na 'yan shekaru, kamar yadda Harvard ta yi wa Briggs. Wannan yana da alherinsa, domin malami yana da kwarjini a majalisar jami'a, abin da Mathews ta nema ke nan. Yana kuma da haɗarinsa. Rikicin da ya kai ga 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a Ibadan ran 1 ga Fabrairu 1971, daga ƙorafin abinci a ɗakin kwana ya faro. Ba mu ce takardar digiri tana hana tarzoma ba, gama Berkeley ta ishe mu shaida. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, jin kukan ɗalibi tun yana ƙarami, da yi masa shari'a bisa ƙa'ida, da ajiye abin da aka koya domin na baya, duk ayyuka ne da a ke iya koyarwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.