Yadda Ake Nemo Kayan Gyaran Injin Tsohuwar Akori-kura

A ƙauyuka da yawa, akori-kura ita ce ƙafar manomi. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso buhunan masara da kwandunan tumatir zuwa kasuwa. Idan injinta ya tsaya a tsakiyar kaka, asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara ba, amfanin gona ma yana iya lalacewa kafin a samu wata motar. Yawancin motocin nan kuwa sun tsufa, kamfanoni sun daina ƙera irinsu. Duk da haka kayansu na samuwa, matuƙar mai nema ya san ainihin abin da yake nema.

Fara da sanin injinka

Sunan mota kawai ba ya isa, domin da yawa an sauya musu inji tun kafin su zo hannunka. A Toyota Hilux akwai injin fetur irin su 22R da 4Y, akwai na dizal irin su 2L mai lita 2.4, da 3L mai 2.8, da 5L mai 3.0. Suna kama da juna a ido, amma fistin da gasket ɗinsu sun bambanta. Duba ƙaramin farantin da ke cikin bonet: idan lambar motar ta fara da LN, asalinta injin dizal ne na jerin L, RN na jerin R ne, YN kuma na Y. Sai ka goge jikin injin ka karanta lambar da aka buga a kai, ka tabbatar sun yi daidai. Idan sun saɓa, bi ta jikin injin.

Ita kuwa Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya yi ta haɗawa a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, injin fetur ɗinta yana da hannun riga da ake cirewa, wato lena. Ana sauya lena da fistin da ringi a tare, ba sai an rarake injin ba.

Ƙusoshi da noti: inda aka fi yin kuskure

Mutane kan raina bol da noti, a ce ai duk ƙarfe ne. Ba haka ba ne. Abu huɗu ake dubawa: kauri, tsawo, tazarar zare, da ƙarfi.

Bol mai kaurin milimita 10 na motocin Japan galibi tazarar zarensa 1.25 ce, na Turai kuma 1.5. Za ka ga ya fara shiga, sai ya cije. Idan ka matsa da ƙarfi, ka cinye zaren da ke jikin injin, gyaran Naira ɗari ya koma na dubbai. Kawunansu ma sun bambanta: bol mai milimita 8 na Toyota sifana 12 yake ɗauka, na Turai 13. Tsofaffin motocin Faransa kuma suna da bol mai milimita 7, wanda ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Lambar da ke kan bol, kamar 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ƙarfinsa take nunawa. Kada a sa wanda bai kai na asali ba. Bol na kan silinda da na konrod kuwa, na musamman ne, ba a maye gurbinsu da na kasuwar kayan gini. Idan bakanike ya ga sun miƙe ko zarensu ya sirance, a sayi saiti sabo, a ɗaure su da sifana mai awo bisa jerin da littafin motar ya nuna.

Ina ake samu?

Manyan kasuwannin sun haɗa da Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas da kasuwar Nkwo a Nnewi. A Yamai akwai Katako. Kaya iri uku za ka tarar: sabo na kamfani, sabo na wasu masana'antu, da na hannu da ake kira Beljiyam.

Abin da ke cinyewa a saye shi sabo: gasket, sil, ringi, metal, bel da matatar mai. Abin da ƙarfe ne zalla, kamar murfin inji, fuli, maƙalai da bol na asali, na hannu mai kyau yakan fi sabon jabu. Kan silinda na hannu sai an duba tsagewa an kuma auna ko ya lanƙwashe. Kada a sayi fistin ko metal sai an kai injin an auna, domin idan an taɓa rarake silinda ko an wasa kiranshaf, girman ya sauya da 0.25 ko 0.50.

Kafin ka biya

Tafi da tsohon kayan a hannu, ka jera shi da sabon, ka ƙirga ramuka. Kayan Toyota suna da lamba mai alƙaluma 10, biyar da biyar, rubuta ta. Ka je da bakaniken da zai ɗaura, ka kuma yi magana da mai shago a gaban shaida cewa idan bai shiga ba za a canza. Karɓi rasit.

Masu injin 2L, 3L da 5L su lura: bel ne ke riƙe da lokacin injin, ana sauya shi duk kilomita 100,000. Idan ya tsinke ana tafiya, bawul na iya karo da fistin. Nan ba wurin neman araha ba ne.

Shawara ga ƙungiyoyin manoma

A buɗe littafi na motar, a rubuta lambar inji, girman fistin da metal, da ranar kowane gyara. Idan an samu mataccen inji irin naku da rahusa, a saya a ajiye, rumbun ƙusoshi ne. Lokacin kwance inji, a sa bol na kowane sashe a leda daban a rubuta sunansa. Babban gyara kuma a yi shi da rani, tun kafin aiki ya taso. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: idan kayan da ya dace bai samu ba yau, a jira gobe.