Dokar Fetur Da Ta Rage Zuwa Maƙabarta

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rufe wa Amurka famfo, saboda ta mara wa Isra'ila baya a yaƙin da aka gwabza a watan. Layin motoci ya miƙe a gidajen mai. Ranar 2 ga Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ce kada mota ta wuce gudun mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89, ko da a manyan hanyoyin da aka shimfiɗa don gudu ne. Ƙayyade gudu hurumin jihohi ne, don haka gwamnatin tarayya ta bi ta aljihu: jihar da ta ƙi, ba za ta ga kuɗin gina hanya ba.

Don tsimin fetur aka yi dokar, kuma fetur ɗin da aka tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Mamakin ya zo ne daga wani wuri. A 1973 mutum sama da 54,000 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar. A 1974 adadin ya sauko kusan 45,000.

A nan ne nake jan birki. A sana'armu ta rubuta manhaja, idan ka taɓa abu uku lokaci guda sai matsala ta ɓace, ba ka isa ka rantse wanne ne ya yi maganin ba. To, a shekarar mai ya yi tsada, tattalin arziki ya ja baya, mutane sun rage tafiya. Duk da haka ba za a hana dokar rabonta ba. Ƙarfin karo ba ya bin gudu sahu da sahu, ninkuwa yake: motar da ta sauko daga mil 70 zuwa 55 ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da za ta daki abu da shi. Sannan tazarar da ke tsakanin mai sauri da mai tafiyar hawainiya ta ragu, wuce-wuce ya yi sauƙi. Wani binciken majalisar masana ta ƙasar a 1984 ya ƙiyasta cewa dokar na ceton rai 2,000 zuwa 4,000 duk shekara.

Amma da mai ya wadata, haƙuri ya ƙare. Direbobin manyan motoci suka riƙa tsegunta wa juna inda 'yan sanda suka laɓe ta rediyon oba-oba. Jihar Montana, mai dogayen hanyoyi ba kowa, ta mai da abin wasa: tarar dala biyar, wai ladan ɓarnar fetur, ka biya nan take ka ƙara gaba. A 1987 aka yarda a kai mil 65 a manyan hanyoyin karkara. A 1995 aka soke dokar ɗungurungum, Montana kuwa ta cire iyakar gudu da rana, sai a 1999 ta dawo da ita.