Rayuwar Sojan Hausa a Sansanin Gwalkwas, 1872 zuwa 1900

Wanda ya shiga Nima ko Maamobi ko Fadama a birnin Ankara, ya ji Hausa na tashi a bakin mutanen da kakanninsu ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba, dole ya tambayi yadda harshen ya iso bakin teku. Amsar da aka fi bayarwa ita ce fatauci: ayarin fataken Gwanja da ke sayo goro a kasuwar Salaga. Gaskiya ne, amma akwai hanya ta biyu da Hausa ta bi, wato barikin soja. Wannan darasi zai duba yadda sojan da Turawan Ingila suka kira "Hausa" yake wuni yake kwana a sansani, a ƙasar da ake kira Gwalkwas a lokacin, Ghana a yau.

Asalin rundunar

A shekarar 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna John Hawley Glover ya kafa 'yar ƙaramar runduna a Ikko. Yawancin waɗanda ya ɗauka bayi ne 'yan Arewa da suka tsere daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa. Da Ingila ta karɓi Elmina daga hannun Holan a 1872, sai aka kawo wasu daga cikinsu Gwalkwas. Shekara guda bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Glover ya sauka Ankara a 1873 yana ɗibar sojoji, ya kafa sansani a Ada, inda kogin Volta ke shiga teku. A Ankara ɗin ma bayi ne suka fi amsa kiransa, abin da ya jawo rigima tsakaninsa da masu su. A 1879 aka ware wa Gwalkwas rundunarta ta kanta, a 1901 kuma aka mayar da ita cikakkiyar rundunar soja.

Dalilin Turawa a fili yake. Zazzaɓi da atuni suna kashe sojan Bature a bakin teku fiye da yadda harsashi ke kashe shi, kuma kawo soja daga tsibiran Karebiyan yana cin kuɗi. Ban da haka, suna son baƙo, wanda ba shi da dangi cikin Fante ko Ga ko Asante, don in an ce ya harba ba zai tsaya duba fuskar ɗan'uwa ba. Shi kuwa bawan da ya gudu, rigar soja ita ce takardar 'yancinsa: ubangijinsa ba shi da ikon shiga bariki ya kamo shi.

Wane ne "Bahaushe" a bariki?

A nan ɗalibi zai yi hattara da kalmar. A takardun Turawa na wancan zamani, "Hausa" na nufin duk wani mutumin cikin ƙasa da ya shiga wannan runduna. Akwai Hausawa na asali, Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa, amma akwai Barebari da Fulani da Nufawa da Yarabawa. Da tafiya ta yi tafiya, sai Mosawa da Dagombawa da Gurunsawa suka yi yawa, musamman bayan hare-haren Zabarmawa na Babatu a ƙasar Gurunsi, waɗanda suka cika kasuwar Salaga da bayi a shekarun 1880. Mutum ya shigo bariki da yarensa da tsagen gidansu a fuska, bayan 'yan shekaru ya fita yana Hausa, yana salla, yana amsa sunan Musa ko Ali, ana haɗa masa da sunan ƙabilarsa ko garinsu. Ta haka barikin ya riƙa mayar da mutane Hausawa.

Daga asuba zuwa azahar

Begila ke tayar da sansani kafin rana ta fito. Mai salla ya yi alwala ya ba da farali cikin hanzari, sannan a fito fareti. Kayan soja shuɗiyar riga ce da wando, da jar ɗamara, da jar dara a ka. Ƙafa kuwa ba takalmi, a fili ko a daji. Saje ya bi layi yana duba bindiga da harsashi da tsabtar kaya. Bindigar da suka riƙe a yaƙin 1873 ita ce Snider, wadda ake ɗura wa harsashi ta baya, daga bisani aka sauya ta da Martini-Henry. Wannan shi ne babban fifikonsu a kan mayaƙan Asante, waɗanda ke ɗura wa doguwar bindigarsu albarushi ta baki.

Umarnin fareti da Turanci ake ba da shi, kurtu ya haddace shi kamar karatun allo ko bai san ma'anarsa ba. Bayani da faɗa da zagi kuwa da Hausa suke fitowa daga bakin saje da kofur. Hafsoshi Turawa kaɗan ne, suna zuwa suna komawa saboda ciwo, kuma ba kowanne ke jin Hausa ba. Saboda haka samanja da sajoji su ne ginshiƙin rundunar: su ke fassara, su ke sasanta rigima, su ke sanin wanda matarsa ta yi yaji da wanda bashi ya yi wa katutu.

In an tashi daga fareti sai aikin ƙarfi, wanda shi ya fi cin lokacin soja: sharar fili, saran daji, gyaran bukkoki, ɗebo ruwa da itace, gadin kurkuku da baitulmali, rakiyar hafsa ko jakar kuɗin gwamnati daga gari zuwa gari. Wasu aka koya musu sarrafa igwa. A yaƙin 1874 ƙananan igwogin Kyaftin Rait, waɗanda suka yi aiki a Amoaful, sojojin Hausa ne ke harba su.

Abinci, mata da albashi

Albashin ƙaramin soja kimanin sule guda ne a rana, daga ciki yake ciyar da kansa in ana zaman lafiya. Don haka tukunyar bariki a hannun mata take. Matan soja suna zaune tare da mazansu a layin bukkoki, su ke zuwa kasuwa, su ke daka da girki, wasu kuma suna sayar da abinci ga gwauraye. Da yawa daga cikinsu su ma 'yan Arewa ne da bauta ta kawo kudu, musamman bayan dokar 1874 da ta soke bauta a yankin da Ingila ke mulki. Wasu kuma 'yan ƙasa ne. Wanda ya tashi da tuwon dawa da fura dole ya saba da dokunu na masara da kifi da rogo da ayaba. Goro ne kaɗai ya fi na gida araha, domin daga dazukan Asante yake fitowa.

In an fita yaƙi tsarin ya sauya. Sai a koma kan guzurin gwamnati, shinkafa da biskit mai tauri da naman gwangwani, a kan kawunan 'yan dako. A wannan daji ƙudan tsando ba ya barin doki ko jaki, komai a ka ake ɗauka. Ranar da 'yan dako suka gudu, ranar sansani ya kwana da yunwa, soja kuma ya ajiye bindiga ya ɗauki kaya.

Ranar biyan albashi ita ce ranar caca da biyan bashi da cin sabo. Hukunci kuwa mai tsanani ne: yanke albashi, kulle a gadurum, da bulala a gaban jama'a, wadda ta daɗe ana yi wa sojan Afirka bayan an hana yi wa sojan Bature. Wanda abin ya ishe shi sai ya gudu, kuma gudun soja na cikin matsalolin da hafsoshi suka yi ta kuka da su.

Addini a ƙarƙashin tutar Nasara

Bariki yana da limaminsa da malamansa. Soja ba ya fita daji sai da layu a wuya da damtse da ɗamara, wasu ya sha rubutu. Abin lura shi ne, a ɗaya ɓangaren ma sarakunan yaƙin Asante suna sanye da riguna da aka lulluɓe da layun da malaman Musulmi na Kumasi suka rubuta. Sau da yawa alƙalami iri ɗaya ne ya rubuta kariyar mai harbi da ta wanda ake harbi.

In aka lissafa kalandar Hijira, azumin shekarar 1290 ya kama ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba 1873, daidai lokacin da aka gwabza a Abrakrampa. Babbar salla kuma ta faɗo a ƙarshen Janairu 1874, 'yan kwanaki kaɗan kafin yaƙin Amoaful na 31 ga watan. Sojan Musulmi ya yi azuminsa a wannan shekara cikin laka da ruwan sama, tsakanin Cape Coast da babban sansanin Prasu a bakin kogin Pra, tafiyar kimanin mil 70. Janar Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu aka ƙone ta. Glover da mutanensa, da suka biyo ta gabas, suka iso bayan mako guda suka tarar da toka.

Mafi munin zaman sansani shi ne na 1900, lokacin da mayaƙan Yaa Asantewaa suka kewaye Gwamna Hodgson a ganuwar Kumasi. Abinci ya ƙare, agana ta shiga, mutane suna mutuwa kullum a gindin ganuwa. Gwamna ya fasa ya fita ran 23 ga Yuni, ya bar 'yan sojoji kaɗan suna tsaron wurin, har agajin Kanar Willcocks ya iso ran 15 ga Yuli ya same su ƙashi da fata.

Yadda 'yan ƙasa suka gan su

Bai kamata a rufe ɗaya fuskar ba. Wannan soja da ya sami 'yancinsa ta hanyar bindiga, da ita aka karɓe 'yancin wasu. Shi aka tura ƙone garuruwan da suka ƙi biyayya, yana cikin rundunar da ta kamo Sarki Prempeh a 1896. Ƙauyawa sun yi ta kai ƙarar ƙwacen kaji da awaki da dukan 'yan dako. Laƙabin "buga-buga" da mutanen ƙasar suka ba 'yan sandan rakiya daga baya, daga kalmar Hausa "buga" ya fito, kuma ya isa shaida.

Daga bariki zuwa zango

Sojan da aka sallama ba kasafai yake komawa Arewa ba. Wanda aka kamo yana yaro, ina zai koma? Sai ya zauna kusa da fatake da malamai, ya zama mahauci ko maigadi ko dillali. Tun da aka mayar da hedikwatar mulki Ankara a 1877, tsoffin sojoji suka zama wani ɓangare na jama'ar Musulmin birnin. Malam Naino ya kafa zangonsa a 1881, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta biyo baya a shekarun 1930.

Abin da bariki ya bari a harshe

Ɗalibin Hausa zai ga sawun wannan rayuwa a ƙamus. Soja, bariki, fareti, begila, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, odale da gadurum duk aro ne daga Turancin bariki, an daidaita su da kunnen Bahaushe. Hausar da ƙabilu daban-daban suka yi magana da ita a can ita ake kira Barikanci, wadda a cikinta bambancin namiji da mace a nahawu ya yi rauni. Irin wannan sauƙaƙawa ana jin ta a Hausar zangunan Ghana har yau. Kalmomin "ɗan bariki" da "zaman bariki" sun ɗauki ma'anar wanda ya fita daga idon iyaye da dokar gari, wato yadda mutanen gida suka kalli wannan rayuwa. Taken rundunar Gwalkwas ma da Hausa aka yi shi: "Kullum Shiri".