Tarihin Kalmomin Tsarki da Ibada a Harshen Turanci

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya 'yan uwana matasa, musabbabin wannan rubutu tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini bayan darasin tafsiri. Ya ce, "Malam, me ya sa ake rubuta Holy Qur'an a bangon fassara, alhali mu Alƙur'anul Karim muka sani?" Na ba shi amsa a taƙaice, amma tambayar ba ta bar ni ba sai da na koma tonon asalin siffofin da Turawa ke siffanta tsarki da ibada da su.

Kalmar holy ta riga Kiristanci shiga bakin Ingilishi. Tsohuwar sigarta halig ce, tushenta ɗaya da whole da health, wato abin da yake cikakke, lafiyayye. Da Augustine ya sauka a yankin Kent a shekarar 597, bisa aiken Paparoma Gregory, masu wa'azi sun tarar da irin waɗannan kalmomi wurin masu bautar gumaka, sai suka sanya musu rigar coci. Haka aka yi wa blessed. Masana harshe suna danganta asalinta da kalmar jini, domin da jinin yanka ake keɓe wurin bauta, daga baya ne ta koma nufin mai albarka.

A shekarar 1066 Normawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada, kalmomin Latin suka kwararo ta hanyarsa. Daga nan aka sami sacred, abin da aka keɓe wa abin bauta, da saint, da kuma devout, wadda asalinta mai ɗaukar bakance ne. Pious kuwa daga pius ta fito, kirarin da Rumawa ke yi wa mai sauke haƙƙin allolinsa da iyayensa da ƙasarsa. Har yau ana ganin sawun wannan asali. Wuri ko littafi ake ce wa sacred, mutum ake ce wa devout, ita kuwa holy tana hawa kan duka.

Sannan wasu kalmomin suka zube. Silly, wadda yau take nufin wawa, asalinta mai albarka ne, ta gangaro zuwa marar laifi, zuwa abin tausayi, har ta ƙare a wauta. Sanctimonious da can mai tsarki take nufi, amma tun farkon ƙarni na 17 ta koma sunan mai riya. A wannan zamanin ne masu tsananta addini na Ingila, waɗanda ake kira Puritan, suke ce wa kansu godly, abokan hamayyarsu suna yi musu ba'a. Ko a yau Bature yakan ce da mutum pious yana nufin zambo cikin yabo.

To, yaya holy ta hau bangon Alƙur'ani? Fassarar Alexander Ross ta 1649 da ta George Sale ta 1734 ba su ɗauke ta a sunansu ba. Littafin da aka san ta da shi Baibul ne, kamar bugun Sarki James na 1611. Masu fassara na ƙasar Indiya ne suka yaɗa ta a farkon ƙarni na 20, fassarar Abdullahi Yusuf Ali da ta fara fitowa a 1934 ta ƙara kafa ta. Marmaduke Pickthall kuwa, a 1930, glorious ya zaɓa, wadda ta fi kusa da Majid. Ba ina cewa holy laifi ba ce, domin Littafin Allah (SWT) tsarkakakke ne. Sai dai siffofin da ya yi wa kansa su ne Karim, Majid, Hakim da Azim, kuma Sheikh Abubakar Gumi, Allah ya jiƙansa, "Mai Girma" ya rubuta a fassararsa.

Inda na fi jin tsoro wurare biyu ne. Na farko, fassara waliyyi da saint. A cocin Katolika, tun 1234 Paparoma kaɗai ke da ikon ayyana mamaci da wannan matsayi, alhali Suratu Yunus imani da taƙawa kawai ta sanya alamar waliyyi, babu majalisar da ke naɗa shi. Na biyu, fassara jihadi da holy war. Wannan suna ne da Turawa suka ba yaƙe-yaƙensu na Salibiyya, har Thomas Fuller ya sanya shi a sunan littafinsa na 1639. Jihadi daga juhudi yake, wato ƙoƙari, kuma fiƙihu ya yi masa sharuɗɗa da iyakoki.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, haka ma kowace kalma. Da yawanku da Turanci kuke karanta addini a intanet. Shawarata, duk sanda kuka ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan siffofi, ku nemi kalmar Larabcin da ke ƙarƙashinta, ku tambayi malami ma'anarta, sannan ku yi hukunci. Abin da na koma na gaya wa ɗalibina ke nan.

Wallahu a'alam. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin. Wassalam.