Mata masu juna biyu da awon ciki a shekarar korona

Abin da ba a rubuta ba mantuwa takan cinye shi, don haka muka ga ya dace mu ajiye labarin abin da matanmu masu juna biyu suka gani a shekarar 2020.

Ranar 12 ga Maris aka tabbatar cutar korona ta shigo Gana. Bayan 'yan kwanaki aka hana taruwa a masallatai. Ranar 30 ga wata Shugaba Akufo-Addo ya sa dokar kulle a Akara da Kumasi da kewayensu, har mako uku.

Doka ba ta hana zuwa asibiti ba, kuma tun 2008 awon ciki da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa. Amma tsoro ya tare hanya. Ga sojoji da 'yan sanda a kan titi, an rage fasinjoji a motocin haya, kasuwa ta yi sanyi har kuɗin mota ya gagari maigida. Jita-jita kuma ta cika gari cewa a asibiti ake kwaso cutar. Mata da dama suka ajiye littafin awonsu, suka koma ga ungozoma da tofi da rubutun sha.

Ba mu raina ungozoma ba, a hannunta aka karɓi yawancinmu. Sai dai hawan jini na mai ciki ba ya nuna kansa sai an auna, in an bar shi kuwa yakan kai ga jijjiga. A wurin awo ne ake ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa.

Waɗanda suka daure suka je sun yi zaman layi da takunkumi, nesa da juna. An raɗa sunaye a cikin gida, liman da mutum kaɗan, babu taron suna.

Annoba ta wuce, amma wata na iya zuwa. Magidanta, ku ware kuɗin motar awo kamar yadda kuke ware kuɗin ragon suna. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amin.