Daga Kwaɗon Gurdon Zuwa Ɗorin Ƙashi

Ƙashi in ya karye aka ɗora shi, yakan haɗe da kansa. Wahalar tana zuwa ne idan hatsari ko ciwon daji ya cinye babban yanki. Nan sai likita ya yanko ƙashi daga ƙugun majiyyacin ya cike gurbin, ga zafi, ga shi abin da za a iya ɗiba kaɗan ne. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar samar da ƙashi daga wani abu daban.

Da, an ɗauka ƙwayar halitta in ta zama ta fata ko ta hanji, shi ke nan, ba ta komawa baya. A 1962 John Gurdon ya rusa wannan zato a Oxford: ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, ya sa a cikin ƙwan da aka cire wa tasa, sai ga sabon ɗan kwaɗo. Tunkiyar nan Dolly, da aka haifa a Sikotilan a 1996, a kan wannan turba ta zo.

Wanda ya sauƙaƙa aikin kuwa, Shinya Yamanaka, da tiyatar ƙashi ya fara a Osaka, amma hannunsa ba ya sauri, sai ya koma ɗakin bincike. A 2006, a Jami'ar Kyoto, shi da Kazutoshi Takahashi suka tace ƙwayoyin gado 24 har suka rage huɗu, waɗanda ke mayar da ƙwayar fatar ɓera tamkar ta ɗan tayi, mai iya zama kowace gaɓa. A 2007 suka yi da ta mutum. Yamanaka da Gurdon suka raba kyautar Nobel a 2012.

Sai dai ƙwayar da aka mayar baya haka tana iya rikiɗa ta zama ƙari. Don haka wasu suka yanke hanya: a 2015 masu bincike a wata jami'ar likitanci ta Kyoto suka juya ƙwayoyin fatar mutum kai tsaye zuwa masu gina ƙashi.

Dashen irin wannan ƙashi bai zama aikin asibiti ba tukuna, kuma masu zumuɗi su sassauta. A fannin ƙashi, amfanin farko ma ta wata ƙofa ya ɓullo. Akwai cutar FOP, wadda tsoka ke daskarewa ta zama ƙashi. Masana a Kyoto sun mayar da ƙwayoyin masu cutar baya ta hanyar Yamanaka, suka gwada magunguna a kansu, suka dace da rapamycin, aka fara gwada shi a kan mutane a 2017.