Kallon Indiya Da Karatun Soyayya: Wai Kunyar Me Ake Ji?

Mai karatu, sau nawa ka rage muryar waya don kada a ji kana kallon fassarar Indiya? A majalisarmu ta Ƙofar 'Yandaka a Katsina akwai wani abokina da kullum aikinsa kushe finafinan rawa da waƙa, wai shi sai na Amurka. Rannan na ari wayarsa, sai ga waƙoƙin Sangaya reras! Ya ce wai ƙanwarsa ce ta tura. To, wannan kunya ba yau aka fara ta ba.

A 1933, lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan hira, sai da ya sha fama kafin malamai su yarda ƙaga labari aikin mai hankali ne. A nan Katsina Abubakar Imam yake koyarwa a Midil ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin raha da shaƙiyancin Malam Zurƙe. Yau da shi ake cin jarrabawa.

Daga shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya silimun Arewa. A lokacin, shiga silima tabo ne, ana cewa matattarar 'yan iska ce, mace kuwa ba ta ko tunkara. Amma duk da haka Mother India na 1957 ya shekara aru-aru ana cika silima dominsa. Har laƙabi muka raɗa wa jaruman: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Wa ke raɗa wa wanda ba ya so suna?

Da bidiyo ya shigo ɗaka, aka yi Turmin Danya a 1990, littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa, sai kunyar ta koma cikin gida. 'Yan mata na cusa littafi tsakiyar na makaranta, magidanta na leƙen kaset ɗin matansu ta wutsiyar ido. Masana suka yi ta muhawara a jaridu: Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A Disamba 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, sannan a 2007 aka cinna wa littattafan hira wuta a bainar jama'a.

Ina aka kwana? A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da Turanci. Ɗalibai kuma na samun digiri a kan abin da iyayenmu mata suka ɓoye ƙarƙashin katifa. Asarar ita ce, littattafai da kaset da dama sun salwanta, domin ba mai adana abin da yake jin kunyarsa.

Ban ce duk abin da aka fitar mai kyau ba ne. Akwai shirme, akwai satar labari, kuma faɗin haka shi ne aikina. Amma ba za ka iya gyara abin da kake rantsuwa ba ka kallo ba. In bai saɓa wa addininka da tarbiyyarka ba, kalli abinka, ka faɗi ra'ayinka a fili. Abokina dai na mayar masa da wayarsa, na ce ya gaida ƙanwar tasa, ta iya zaɓe.